Garin kurkum a yatsana da tambayar da na kasa amsawa a Pune

Albasa nake yankawa ranar wata Lahadi wuƙa ta zame ta shige min ɗan yatsa. Jini ya ɓalle, na fito ina neman auduga, sai na yi kiciɓis da matar mai gidan da muke haya a nan birnin Pune na ƙasar Indiya, dattijuwa mabiyar addinin Hindu da muke kira Anti. Ba ta tsaya tambaya ba, ta ja ni ɗakin girkinta, ta ɗauko wani zagayayyen gwangwanin ƙarfe wanda kusan kowane gida a nan akwai irinsa. A cikinsa ƙananan kofuna ne guda bakwai, kowanne da nasa kayan ƙamshin, ga ɗan mitsitsin cokali a kai. Ta wanke yatsan, ta ɗebi garin kurkum, wato gangamau, ta danna a bakin yankan ta riƙe da babban yatsanta. Can da ta saki, jinin ya tsaya, hannuna da nata duk sun koma ruwan ɗorawa.

Sai ta dube ni ta ce, "'Yata, ku a ƙasarku me iyaye mata ke sawa idan yaro ya yanke?" Na buɗe baki na ce kemis muke zuwa. Ta gyaɗa kai a hankali, ta yi min irin kallon da ake wa yaron da ya tashi bai san kaka ba. Wannan kallon ya hana ni barci, domin abin da na faɗa mata ba gaskiya ba ne. Na san kakata, a ɗakinta na girma, kuma tana da abin da take sawa. Sunansa ne ya kwanta min.

Sai kun zauna a cikin mutanen nan za ku gane matsayin kurkum a wurinsu. Haldi suke ce masa, masu maganin gargajiyarsu na Ayurveda kuma su ce haridra. Yana cikin miya kullum. Idan yaro na tari, a tafasa madara a zuba masa rabin cokali, wasu su ƙara masoro, a ba shi kafin ya kwanta. Jan garin da matan aure ke ɗigawa a goshi, kumkum, asalinsa kurkum ne da aka gauraya da farar ƙasa ya rikiɗe ya koma ja. A kudancin ƙasar, igiyar auren da ango ke ɗaura wa amarya a wuya zare ne da aka rina da kurkum, wani lokaci har a ɗaure ɗan saiwar a jikinsa. A jihar Tamil Nadu, lokacin bikin girbi na Pongal a watan Janairu, ɗanyen tsiron suke ɗaurawa a wuyan tukunyar da za a dafa shinkafar bikin. Ba nisa da mu akwai garin Jejuri, inda masu bautar Khandoba, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, ke watsa garin kurkum sama har matakala da mutane da dawaki su rine gaba ɗaya. Na ga masu dawowa daga can a tashar mota, gashin ido ma bai tsira ba. Wannan ɓangaren ibadarsu ce, ni Musulma ce, ba ruwana da ita, kuma Anti ba ta taɓa matsa min ba.

Bikin jikarta ne ya ƙarasa karya min zuciya. Ana gobe ɗaurin aure aka zaunar da yarinyar a kan ɗan guntun benci, sanye da rawayen kaya. Aka kawo kwaɓin kurkum da garin itacen sandal da ruwan wardi a cikin tasa. Matan aure suka yi layi, kowacce ta lakato ta shafa mata a ƙafa, a gwiwa, a kafaɗa, a kumatu, suna waƙa, amarya na hawaye tana dariya. Can gidan ango shi ma ana shafa masa. Ina tsaye a gefe ƙamshin ya buge ni, na ce a raina ai wannan dilka ce, wannan ranar sa lalle ce. Bambancin kawai, likitocin dangin da injiniyoyinsu ne a gaba wajen shafawa, babu mai jin nauyi, babu mai cewa abin ƙauye ne.

Nan ne suka fi mu, kuma ba na jin daɗin faɗa. A 1995 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wasu masu bincike biyu na jami'ar Mississippi haƙƙin mallakar amfani da kurkum wajen warkar da rauni, wato dai abin da Anti ta yi min a ɗakin girki. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya, CSIR, ta ce ba ta yarda ba. Ta kwaso tsofaffin rubuce-rubuce, har da na harshen Sanskrit, ta nuna cewa kakanninsu sun san wannan tun da daɗewa. A 1997 aka soke takardar. Ba su tsaya nan ba, a 2001 suka fara tattara ilimin maganin gargajiyarsu cikin rumbun kwamfuta don kada wani ya sake yi musu haka. A 2014 suka ba fannin ma'aikata guda, AYUSH. A farkon 2025 kurkum shi kaɗai ya samu hukumarsa ta ƙasa, mai hedikwata a Nizamabad. Yanzu in wani bature ya tashi ya ce shi ya gano amfanin bagaruwa ko sabara, wace takarda za mu ɗauko? Wa ma zai shigar da ƙarar?

Ba na cewa komai nasu daidai ne. Akwai masu tallar kurkum a matsayin maganin kowace cuta har da kansa, irin dai masu lasifika na bakin kasuwanninmu. Sinadarin da ke cikinsa, wanda ake kira curcumin, jiki ba ya shansa sosai, kuma likitoci sun ga mutanen da hantarsu ta taɓu saboda yawan haɗiyar ƙwayoyinsa. An kama masu algus suna ƙara masa launi mai gubar dalma don ya yi kyau a ido. Son farar fatar da ke bin bayan shafa wa amarya shi ma ciwo ne da muka sani a gida. Duk na ji. Amma mutanen da suka rubuta nasu suna da abin da za su tace, su zubar da tsakuwa su riƙe tsaba. Mu namu yana cikin kawunan tsofaffi, kuma kowace shekara muna kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya.

Abin ya fi min ciwo don ni ma da hannuna a ciki. Ina aji uku na sakandare na fara toshe hanci idan Kaka ta jiƙa saiwoyinta. Ta kan ce, "Zo ki ga yadda ake yi, 'yar nan," in ce ina da jarrabawa. Ga ni yau na tsallaka teku ina karatun haɗa magunguna, ana koya min sunayen tsirran wasu mutane, har da darbejiyar da ke ƙofar gidanmu, wadda ita ma asalinta daga wannan yankin ne.

Daren da na yanke na kira Umma. Na ce, "Umma, me Kaka ke barbaɗa mana a ciwo?" Ta yi shiru, ta ce tana jin garin bagaruwa ne da wani abu, na biyun ya shige mata, sai dai a tambayi Goggo. Goggo tana ƙauye, ba ta riƙe waya, kunnenta ma ya yi nauyi. Bikin ƙanwata da aka yi bara, a waya na kalli sa lallenta, hoton na tsinkewa, ban san wa ya kwaɓa mata dilka ba, ban san me aka zuba a ciki ba.

Na sayi littafin rubutu mai kauri na aika kuɗin mota, na roƙi ƙanena ya je wurin Goggo ranar Asabar ya zauna kusa da kunnenta mai ji. Anti kuma har yanzu ban koma na gyara mata amsata ba. Ina jiran sunan abu na biyun.