Mu Daina Taya Bature Yi Wa Ƙarya Kwalliya

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da nake sauraren labaran duniya da Hausa. Babban mutum zai shara ƙarya a Landan ko Washington, sai ka ji an fassara mana cewa wai "ya yi suɓul da baka". Ina suɓul da baka a nan?

Turanci yana da kalmar "lie", ƙarya tsagwaronta. Amma da wuya ka ji an jefi mai mulki da ita. A majalisar dokokin Birtaniya ma haramun ne ɗan majalisa ya kira ɗan uwansa "liar", wato maƙaryaci. A watan Yulin 2021 aka fitar da 'yar majalisa Dawn Butler daga zauren saboda ta ce Firaministan lokacin, Boris Johnson, ya yi ƙarya, ta kuma ƙi janyewa. Bayan shekara 2 kwamitin majalisar ya tabbatar da gangan ya yaudare su. Ita dai an riga an kore ta ranar.

Shi ya sa suka ƙera kalmomin rufa-rufa. Winston Churchill, wanda daga baya ya zama Firaministan Birtaniya, a 1906 ya ce "terminological inexactitude", wato rashin daidaiton kalma. A 1986, a wata kotu a birnin Sydney na Ostiraliya, sakataren gwamnatin Birtaniya Robert Armstrong ya ce "economical with the truth", wai tsimin gaskiya aka yi, sai ka ce gishirin miya. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce "misspoke", wato suɓul da baka. Hillary Clinton ta ce lokacin da ta je Bosniya a 1996, ta sauka ana ruwan harsashi. Da bidiyo ya fito a 2008, sai ga ta a filin jirgi wata yarinya tana tarbarta lafiya lau. Ta ce "misspoke" ta yi. Harshe yana iya zamewa a suna ko kwanan wata, amma bai taɓa zamewa ya ƙirƙiro harbin da ba a yi ba.

Mu ma muna da namu: zuƙi-ta-malle, shaci-faɗi, shifcin gizo, yaudara, damfara. Sai dai duk wanda aka ce wa ɗaya daga cikinsu ya san ba yabonsa ake yi ba.

Roƙona ga 'yan uwana masu fassara a gidajen rediyo shi ne: ku faɗi kalmar da mutumin ya fake da ita, sannan ku gaya wa tsohuwar da ke riƙe da rediyo a Gumel abin da bidiyon ya nuna.