Kukan da 'yan kallo suka sha a kan Yarinya Mai Shiru

A watan Mayun 2022 aka fara nuna wani ƙaramin fim a gidajen sinima na ƙasar Ailan da Birtaniya, sunansa An Cailín Ciúin, wato Yarinya Mai Shiru. A kasuwar duniya an fi saninsa da The Quiet Girl. Babu jarumin da duniya ta sani a ciki, babu faɗa, babu harbe-harbe, kuɗin da aka kashe masa bai wuce yuro miliyan ɗaya da 'yan kai ba, kuma yawancin maganar cikinsa da harshen Airish ake yi, harshen da ko a ƙasarsa mutane ƙalilan ne ke magana da shi kullum. Wanda ya san kasuwar fim zai ce ko mako biyu ba zai yi ba za a sauke shi. Sai ga shi ya shafe watanni ana nuna shi, ya tara sama da yuro miliyan ɗaya a Ailan da Birtaniya, abin da wani fim na harshen Airish bai taɓa yi ba. Kuma abin da aka fi ji daga bakin waɗanda suka kalla shi ne kuka. Maza da mata, tsofaffi da matasa, mutum ya ce fim ya ƙare, an kunna fitilu, amma ya kasa tashi daga kujera.

Na kalli fim ɗin, na kuma bi abin da mutane suka riƙa faɗa a kansa. Akwai masu cewa kishin harshe ne kawai ya ɗaga shi, wai 'yan Ailan sun ga abinsu ne suka yi ta zuzutawa. Ban yarda da wannan ba, kuma ina so in faɗi dalili.

Labarin dai ba shi da yawa. A 1981 ne, a karkarar Ailan. Cáit yarinya ce 'yar shekara 9, a gidan da yara suka yi yawa, abinci ya yi kaɗan, uba mashayi kuma ɗan caca, uwa ga tsohon ciki ga gajiya. Cáit ba ta magana sai dole, tana fitsarin kwance, karatu yana ba ta wuya a makaranta. Sai aka yanke shawarar a kai ta wajen wata 'yar uwar mahaifiyarta ta nesa, Eibhlín, da mijinta Seán, manoma masu kiwon shanu a yankin Waterford, ta zauna har uwar ta haihu. Uban ya kai ta a mota, ya ci abinci, ya juya ya tafi, ko jakar kayanta bai tuna ya sauke ba. Daga nan sai kwanakin hutun da ta yi a gidan. Colm Bairéad ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, daga gajeren littafin Claire Keegan mai suna Foster na 2010, matarsa Cleona Ní Chrualaoi ta shirya, yarinyar kuwa Catherine Clinch ce, kuma wannan ne fim ɗinta na farko.

To, su masu maganar kishin harshe ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Dangantakar 'yan Ailan da harshensu tana da ciwo a ciki. Tsarin mulkin ƙasar na 1937 ya ce Airish ne harshen hukuma na farko, kuma ana koyar da shi dole tun daga firamare har ƙarshen sakandare. A ƙidayar 2022 mutum kusan miliyan 1.9 suka ce suna iya magana da shi, amma masu amfani da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce kimanin 72,000 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 5. Mulkin Ingila na ɗaruruwan shekaru, da babbar yunwar da ta fara a 1845, da hijirar da ta biyo baya, su suka kassara shi har ya maƙale a wasu 'yan yankuna, mafi yawa a gaɓar yamma, da ake kira Gaeltacht. Ga yawancin 'yan ƙasar, Airish darasi ne na jarrabawa, abin da ka sha wahalarsa a aji ka ajiye ranar da ka gama. Shi ya sa ɗaya daga cikin abubuwan da masu kallo suka yi ta maimaitawa shi ne mamakin kansu: ashe har yanzu ina ji, ashe ban manta ba. Mutum ya shiga yana tsammanin zai dogara da fassarar da ke ƙasan allo, can sai ya lura kunnensa ya riga idonsa. Wannan jin daɗin gaskiya ne, kuma ba na raina shi.

Amma bai isa ya bayyana kukan ba. Kafin fim ɗin ya shiga sinimomin Ailan sai da aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a watan Fabrairun 2022, inda ya ci babbar kyautar alƙalan ƙasa da ƙasa a sashen fina-finan da suka shafi yara. Masu kallo a Jamus wane kishin Airish gare su? Ya ci kyaututtuka 7 a bikin ba da kyaututtukan fina-finai na Ailan, aka sa shi a takarar BAFTA, wato kyaututtukan fina-finai na Birtaniya, sannan a 2023 ya zama fim na farko na harshen Airish da ya kai jerin biyar ɗin ƙarshe na Oscar a rukunin fina-finan ƙasashen waje. Bai ci ba, fim ɗin yaƙi na Jamus ne ya ɗauka. Masu zaɓen nan mafi yawansu ko gaisuwa ba su iya da Airish ba. Ni ma ban iya ba, kuma ya taɓa ni har cikin rai. In da kishin harshe ne kawai, da iyakarsa bakin tekun Ailan.

Abin da ya sa mutane kuka, a ganina, shi ne fim ɗin ya ɗauki shirun yaro da muhimmanci. Ya tsaya ya tambayi abin da manya ba su cika tambaya ba: me ya sa yarinyar nan ta yi shiru? A gidansu ana ganin shirunta a matsayin dolanci, ko ma ba a ganinsa sam. A gidan riƙo kuma ba wanda ya matsa mata ta yi magana. Eibhlín ta yi mata wanka da ruwan ɗumi, ta taje mata gashi tana ƙirgawa, ta koya mata fere dankali, ta riƙe hannunta suka tafi rijiya. Da safe ta tarar da katifa a jiƙe, sai ta ɗora laifin a kan tsufan katifar, ko kallon tuhuma ba ta yi wa yarinyar ba. Duk wanda ya taɓa tashi a jiƙe yana yaro, ya ji gida ya ɗauka ana yi masa waƙa, ya san girman abin da matar nan ta yi.

Seán kuma, shi ne inda fim ɗin ya fi ƙarfi. Da farko ko kallonta ba ya yi sosai, ta yi masa sai da safe ya amsa idonsa na kan talabijin. Wata rana ta ɓace masa a wurin shanu, ya firgita ya daka mata tsawa. Bai iya ba da haƙuri da baki ba. Washegari yana wucewa ta kicin sai ya ajiye mata biskit guda ɗaya a kan tebur, ya fice bai ce uffan ba. Wannan biskit ɗin ya zama abin da masu kallo suka fi ambata. Mutane da yawa sun ce mahaifinsu suka gani, ko kakansu, irin mazan karkarar da ba su taɓa furta kalmar so ba amma suna nuna ta da aiki. Daga baya yana sa ta tsere zuwa akwatin wasiƙa a bakin hanya yana duba agogo, yana zama da ita suna karatu da dare, kuma da wata ta yi maganar shirunta sai ya kare ta, ya nuna cewa tana faɗin abin da ya kamata, ba ta ƙari. Sai can a tsakiyar fim, ta bakin wata maƙwabciya mai shegen tsegumi, muka ji dalilin tsawar: ɗan Seán da Eibhlín ɗaya tilo ya faɗa ramin kashin shanu ya rasu, kuma kayansa ne yarinyar take sawa tun zuwanta.

A nan ne Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayani. Riƙo abu ne da muka sani ciki da bai. Akwai wanda aka ba goggo saboda Allah bai ba ta haihuwa ba, akwai ɗan fari da aka bar wa kaka, akwai wanda aka kai gidan kawu don karatu ko don a rage wa gida nauyi. Su ma 'yan Ailan tsohuwar al'adarsu ce, har tsofaffin dokokinsu na gargajiya sun tsara yadda ake ba da yaro riƙo. Mun san gidan riƙon da ya zama aljannar duniya ga yaro, mun kuma san wanda 'yar riƙo ita ce ta fara tashi ita ce ta ƙarshen kwanciya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yabon yaro mai shiru. Sai ka ji an ce wance akwai hankali, ba ka jin motsinta. Wani lokaci hankalin ne da gaske. Wani lokaci kuma tsoro ne, yarinya ta gane cewa in ba a lura da ita ba, ba za a dake ta ba. Cáit ta shigo gidan Eibhlín da shirun tsoro, ta bar shi da shirun natsuwa, kuma Catherine Clinch ta nuna bambancin da kafaɗunta da idanunta kawai. Na yi imani da yawa daga cikin masu kukan nan kansu suke yi wa, suna tuna wani baligi guda da ya taɓa lura da su, ko suna tuna cewa ba a taɓa samun ko ɗaya ba.

Akwai waɗanda bai burge su ba, kuma ya kamata a ji su. Ƙorafi na farko shi ne fim ɗin yana tafiyar hawainiya, ba abin da ke faruwa. Gaskiya ne ba ya sauri, ko da yake tsawonsa bai wuce awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna ba. Amma yaron da aka yi watsi da shi ba ya sakin jiki a rana ɗaya, kuma da an gaggauta, da ƙarya aka yi mana. Mai ɗaukar hoto, Kate McCullough, ta matse allon ya zama kusan murabba'i, kyamara kuma tana yawan tsayawa daidai tsayin yarinyar, don mu ga abin da take gani kawai: bayan kujerar mota, hannun babba, ƙasan tebur. Wanda ke kallo yana latsa waya ba zai ga komai ba, shi ne zai tashi ya ce ba a yi komai ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Uban Cáit Turanci yake yi, masu riƙon kuma Airish, sai wasu suka ce an mayar da Airish harshen mutanen kirki, Turanci harshen mugu. Na fahimci abin da ya sa aka ji haka. Sai dai maƙwabciyar nan da ta tsare yarinya da tambayoyi a hanya, ta fasa mata sirrin mutuwar yaron ba tausayi, da Airish ta yi. Uwar Cáit da ta gaji har ba ta da sauran taushi, ita ma Airish take yi. Harshen yana ɗauke da tsegumi da gajiya da faɗa kamar yadda yake ɗauke da lallashi, kuma wannan ne ya sa ya fito a matsayin harshen mutane masu rai. Ba wanda ya tsaya a fim ɗin ya yi wa'azin a riƙe harshen gado. Ana tatsar shanu da shi, ana zaman makoki da shi, ana karta da shi.

Wani abu da masu yabo ke tsallakewa: nasarar ba daga sama ta faɗo ba. Tashar talabijin ta TG4, da aka buɗe a 1996 don shirye-shiryen Airish, ita da hukumar fina-finai ta Screen Ireland da hukumar kula da watsa shirye-shirye ta ƙasar suka haɗa kuɗi a wani tsari mai suna Cine4, don a riƙa yin fina-finan sinima da harshen. Colm Bairéad da 'yan wasa irin su Carrie Crowley, wadda ta fito a Eibhlín, sun daɗe suna aiki da Airish a talabijin kafin wannan rana. Shekaru aka yi ana zuba kuɗin gwamnati a abin da 'yan kasuwa ba za su taɓa ba, ana rainon marubuta da ma'aikata, har aka samu wanda ya iya.

Sai ƙarshen fim, inda aka fi yin gardama. Wanda bai kalla ba yana iya tsayawa a nan. Uwa ta haihu, makaranta za ta koma, aka mayar da Cáit gidansu. Motar masu riƙo ta kama hanya, yarinya ta zuba a guje ta bi su, ta tarar da Seán yana rufe ƙofar shinge, ta faɗa jikinsa, ga ubanta yana tahowa a baya. Ta furta baba sau biyu, fim ya ƙare. Wasu suka ce gargaɗi take yi cewa ga uban nan tafe, wasu suka ce Seán take kira da sunan da ya cancanta, wasu suka ce na farko gargaɗi ne, na biyu kira. Da yawa kuma haushi suka ji, sun so a nuna an bar ta a gidan da ake sonta.

Ni ina ganin da an yi musu yadda suke so, da an cuci labarin. Seán da Eibhlín ba su da wani iko a kanta. Aro aka ba su, mai abu ya ce a dawo masa da abinsa, kuma a karkarar 1981 ba wanda zai je ya ƙwace 'ya daga hannun ubanta don kawai wani gida ya fi kula da ita. Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan wani ya san wannan ranar tana nan tafe tun daga ranar da aka kawo yaron, kuma ya san ba a tambayar yaron ra'ayinsa. Haushin da 'yan kallo suka fita da shi daidai ne, amma ba masu fim ɗin ya kamata su ji wa ba, domin su abin da ke faruwa suka nuna.