Nasiha ga matasan da suka mai da kansu likitoci

'Yan'uwana matasa, abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne wani abu da na gani da idona kwanan nan, wanda har yanzu yake ci mini rai. Wani saurayi ya koka da zazzaɓi da ciwon kai a cikin abokansa, kafin ya rufe baki ɗaya daga cikinsu ya zaro ragowar kafso daga aljihu ya miƙa masa, ya ce ya sha biyu yanzu, biyu da dare, wai shi ma da su ya warke. Babu wanda ya tambayi yaushe zazzaɓin ya fara, babu wanda ya ambaci gwaji, alhali dukkansu sun yi karatu.

Ku sani cewa zazzaɓi alama ce kawai da jiki yake bayarwa idan yana faɗa da wata ƙwayar cuta, kuma ƙwayoyin nan iri-iri ne. Zazzaɓin cizon sauro wata ƙwaya ce macen sauro take zubawa a jini, tana kawo rawar sanyi da gumi da ciwon gaɓoɓi, kuma ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gano ta cikin mintuna kaɗan. Taifod bakteriya ce da take shiga ta gurɓataccen ruwa ko abinci, zazzaɓinta yana hawa sannu a hankali tare da ciwon ciki, kuma idan aka yi sakaci tana iya huda hanji. Sanƙarau yana zuwa da zazzaɓi mai tsanani da sandarewar wuya, yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Tarin fuka kuwa yana ɓoyewa cikin tarin da ya wuce mako 2, da gumin dare, da ramar da ba a san dalilinta ba. Dukkansu suna iya farawa da zafin jiki da ciwon kai. To, ta yaya wanda bai taɓa duba jini ba zai zauna a kan benci ya yanke hukuncin wacce ce ta kama abokinsa? Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda bai sani ba kuma yake taƙama da cewa ya sani, shi ne ya fi ba ni tsoro.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda kuke yi da mura. Bairos, wata ƙwayar cuta daban da bakteriya, shi ne yake kawo mura, kuma maganin kashe bakteriya, irin su amoksisilin, ba ya yi wa bairos komai. Hutu da yawan shan ruwa da ɗan maganin rage zafin jiki sun ishi mai mura, galibi cikin mako guda ko kwana 10 ta tafi da kanta. Amma sai mutum ya haɗiyi kafso kwana 2, murar ta yi sauƙi don lokacinta ya yi, ya tashi yana yabon kafso, yana kuma tallata shi ga kowa. Haka ake yi da gudawa, ana ɗura wa ƙananan yara magunguna barkatai, alhali abin da yake kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jikinsa, kuma haɗin ruwan gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti, tare da sinadarin zink, shi ne gatansa na farko. Garin neman gira ake rasa ido.

Ko waɗanda suka je aka gwada su aka rubuta musu magani ba su tsira daga wannan hali ba, domin da zarar jiki ya yi sauƙi sai su ajiye sauran, su ce na gaba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana 3 ne, amma sai a sha na rana ɗaya a tsaya. Maganin tarin fuka na wata 6 ne, amma bayan 'yan makonni, da tari ya lafa, sai a daina zuwa karɓa. Ƙwayoyin da suka rage a jiki su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, kuma idan cutar ta dawo maganin farko yana iya kasa taɓa ta, sannan duk wanda mai tarin fuka ya yi wa tari a fuska yana iya ɗaukar wannan mai taurin kan. Alexander Fleming, wanda ya gano maganin kashe bakteriya na fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun a 1945, cewa wanda ya sha ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani. Kowa ya ƙi ji ba zai ƙi gani ba: an ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai, bakteriyar da ta daina jin magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Klorokwin ma ya taɓa zama abin dogaron duniya wajen zazzaɓin cizon sauro, yau a yawancin ƙasashe ba ya aiki, ga shi cutar ta kashe fiye da mutum 600,000 a 2022, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wanda yake wasa da magani ba kansa kaɗai yake cuta ba, yana lalata abin da jaririn maƙwabcinsa zai buƙata gobe.

Ba zan ma tsaya kan waɗanda suka mai da maganin tari abin maye ba, ko masu tari da atishawa a cikin jama'a ba tare da rufe baki ba, ko masu tura saƙonnin magunguna a WhatsApp ba tare da sun san wanda ya rubuta ba. Duk uwarsu ɗaya, wato raina cuta da raina masu iliminta.

Ku yi wa kanku faɗa. Idan jiki ya yi zafi ku nemi wanda ya sani, ku bari a gwada ku, ku sha abin da aka ba ku yadda aka ce har ya ƙare, ku daina raba wa mutane ragowar abin da ba ku san aikinsa ba. Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, amma sanin wane magani ne na wace cuta ilimi ne da ake shafe shekaru ana nema.

Ina tuna lokacin da mutum yake jin nauyin buɗe baki a kan abin da bai karanta ba, lokacin da cewa "ban sani ba, je ka tambayi likita" ba abin kunya ba ne, kuma babba idan ya ga yaro da ƙwaya a hannu sai ya tsayar da shi ya tambayi wanda ya ba shi. Yanzu kowa malami ne, kowa likita ne, manyan da ya kamata su tsawata su ne suke aiken yara sayen kafso da suna, har yaron da bai gama firamare ba ya haddace sunayen magungunan da ma'aikacin lafiya yake dogon nazari kafin ya rubuta wa mara lafiya.