Su ba tsofaffin ɗalibai ba ne?

Kun ce Kwalejin Blackrock ta Dublin ce ta yaye manyan Ireland. Gaskiya ne Éamon de Valera, shugaban ƙasa daga 1959 zuwa 1973, can ya yi karatu, haka mawaƙi Bob Geldof da ya shirya gangamin waƙa na 1985 don yunwar Habasha. Amma makarantar kuɗi ce ta 'ya'yan masu hali. De Valera kansa a ƙauye ya tashi, tallafin karatu ya kai shi. Abin da ya fi ci mini rai, a 2022 tsofaffin ɗalibai sun fallasa lalatar da wasu limaman makarantar suka yi musu suna yara, har ƙungiyar limaman Katolika ta Spiritan, mai makarantar, ta nemi afuwa. Me ya hana ku ambaci waɗannan ɗaliban?