'Yan Ƙwallon Kwando Na Makarantun Gombe: Wa Kuka Gayyata Bai Zo Ba?

Assalamu alaikum ƙannena.

Ranar Asabar da ta wuce, da La'asar sakaliya, na tsaya a gefen filin ƙwallon kwando na ɗaya daga cikin manyan makarantunmu na nan Gombe, ɗalibai na wasan sada zumunta. Wasa ya yi kyau, an yi gumi, an yi gudu. Amma mu 'yan kallo ba mu cika ashirin ba, har da yarinyar da ke sayar da ruwan leda. Da aka tashi, wani yaro dogo, wanda tun farkon wasa na lura hannunsa na da kyau, ya zauna yana kwance igiyar kambas ɗinsa, ransa a ɓace. Ya ce da ni: "Yaya, garin nan ba a san darajar wasan nan ba. Da Madrid ce ke bugawa yanzu, da gidan kallo ya cika har bakin titi."

Na ce masa, Babanka ya san kana da wasa yau? Ya yi shiru. Abokan ɗakinka fa? Ya ce bai faɗa musu ba. To malamin ajinku, ko mai shagon da kake sayen burodi kullum a wurinsa? Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Tun ranar maganar nan ke cina, shi ya sa na zauna na rubuto muku. Ƙorafinsa na da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Garinmu na ƙwallon ƙafa ne, kowa ya san yadda filin wasa na Pantami ke ɗaukar harama idan Gombe United na gida. Sai dai kada wani ya ce muku Gombe baƙuwa ce a ƙwallon kwando. A 2017 Gombe Bulls ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙasa, Kano Pillars ce ta tsayar da ita, kuma a ƙarshen shekarar ta tafi Tunisiya ta wakilci Najeriya a gasar kulob-kulob na Afirka. Maƙwabtanmu na da Bauchi Nets. Ƙasar nan tana karɓar irin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu bi gida-gida su nemo jama'a, sannan in jama'ar ta zo ta tarar da abin da zai sa ta dawo.

Mutumin garinmu ba ya zuwa kallon wasa don wasan kawai, sai in na Turai ne. Yana zuwa ne don ɗansa, ko ƙanensa, ko ɗan unguwarsu. Kuma kafin ya zo, sai ya auna ku. Dattijo ya biyo ta gefen fili a kan babur ɗinsa, ladan na kiran Magariba, ku kuma kuna ta "saura maki biyu, saura maki biyu". Ya ji ashar na tashi daga bakin yaro mai shekara goma sha tara. Ya hangi wasu a bayan allon kwando suna miƙa wa juna abin da bai kamata ba. Wallahi ba sai an yi masa wa'azi ba, ya gama yanke hukunci a kan wasan gaba ɗaya, kuma gobe ƙanenku ne zai nemi izinin zuwa fili a hana shi. Laifin mutum uku ya shafi mutum talatin.

Maganar ƙwaya kuwa ba zan rufe ta ba. Akwai masu shan tramadol wai don kada su gaji, akwai masu kurɓar maganin tari, duk da tun 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da mai kodin a ciki. Ƙanena, gajiya da zafin ciwo saƙo ne jikinka ke aiko maka. Idan ka toshe saƙon, gwiwar da ya kamata ta huta kwana uku sai ka yi ta dira da ita a kan siminti har ta tashi aiki. Filayenmu ba katako ba ne irin na talabijin. Siminti ba ya yafiya. Na san waɗanda suka fi ni iya wasa nesa ba kusa ba, yau hawa bene ma sai sun dafa bango.

Duk wanda ke ganin addini da wasa ba sa zama inuwa ɗaya, ya nemi tarihin Hakeem Olajuwon. Ɗan Legas ne, mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai kimanin shekara 15. Ta ƙofar jami'a ya shiga Amurka, a Houston, aka ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na 1984, ya ci kofi a 1994 da 1995. A watan Fabrairun 1995, da azumi a bakinsa, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan wata. Wannan a ƙasar da ba a jin kiran salla a titi ke nan. Kai da masallaci ke taku hamsin daga filinka, mene ne uzurinka?

Bari in ba ku nawa labarin, domin ban zo da tsarkake kai ba. Ina shekara ta biyu a makaranta wasan nan ya shiga jinina. Safe fili, yamma fili, lacca sai in na ga dama. Sakamako ya fito na faɗi darussa uku. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki kambas ɗina ya kulle a akwatinsa, ya ce magana ta ƙare. Sati biyu ban je fili ba. Ranar wata Juma'a da yamma sai ga kocinmu ya yi sallama a ƙofar gida. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma ƙasa da inda Baba yake, ya ce: "Baba, laifina ne, ni ya kamata in riga ka ganin takardar nan. Ka ba ni aron sa zango ɗaya. In ya sake faɗuwa ko darasi ɗaya, ni da kaina zan kawo maka takalmin." Daga ranar ya kafa doka: duk ƙarshen zango kowa ya kawo sakamakonsa fili, wanda ya faɗi ya zauna a benci komai iyawarsa. Na gyara. Abin da ba zan manta ba shi ne ranar wasanmu na gaba. Na waiga gefen fili na ga Baba a tsaye da carbinsa, tare da abokansa biyu na kasuwa. Bai san dokar wasan ba ko ɗaya. Ya zo ne domin an girmama shi, an kuma riƙe masa amana.

Wannan takardar da koci ya tilasta mini, ita nake ci da ita yau. Ku yi lissafi da hankali. Kulob 30 ne kacal a NBA, kuma abin da suke zaɓa a shekara bai wuce mutum 60 ba, daga duniya baki ɗaya. Ban ce kada ku yi buri ba. Amma ku dubi Masai Ujiri, wanda ya tashi a nan Zariya, ya koyi wasa a hannun koci Oliver Johnson. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Ya fara da aikin farautar 'yan wasa ba ko albashi, ya yi ta hawa har ya zama shugaban Toronto Raptors, kuma a hannunsa suka ci kofi a 2019. Wasan nan na buƙatar koci, da alƙali, da mai duba lafiyar 'yan wasa, da mai riƙe lissafi a tebur, da ɗan jarida. Kowace daga cikin ƙofofin nan da ilimi ake buɗe ta.

A cikin fili ma ina da ƙorafi a kanku. Waya ta lalata muku ido. Kuna kallon guntayen bidiyo na daƙiƙa goma, kowa na son ya yi tsalle ya cusa ƙwallo a kwando, ko ya tsaya bayan layin maki uku, mita 6.75, ya yi ta cilli. Amma a ce yaro ya tafi da ƙwallo da hannun hagu, sai ka ga ta kuɓuce. A yi masa keta a ba shi jifa biyu, babu mai tare shi, ya zubar da duka. Tsaro kuwa kowa na ganin aikin wani ne. Ranar Asabar ɗin nan da nake ba ku labari, da idona na ga yaro a buɗe ƙarƙashin kwando yana ɗaga hannu har sau huɗu, mai ƙwallo ya ƙi ba shi don yana son a ce shi ne. Mutum biyar ne a fili, daƙiƙa 24 gare ku ku jefa ƙwallo kwando. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ku sani, ɗan kallo ko bai san doka ba yana gane son kai, kuma ba ya burge shi.

Malamai masu horarwa, ku iyayenmu ne a fili, a gafarce ni in na yi tsaurin ido. Na san yawancinku da aljihunku kuke sayen ƙwallo da raga, wani ma shi ke biyan kuɗin motar yara. Allah ya saka da alheri. Wasan nan asalinsa daga hannun malami ya fito: James Naismith ya ƙirƙiro shi a 1891 don ɗalibansa su sami abin yi lokacin sanyi, da kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu. Don ɗalibai aka yi shi. To don Allah a daina ɗauko 'yan haya. Gasar NUGA ta ɗaliban jami'a ce, NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha, NICEGA ta kwalejojin ilimi. Yaro ya shekara yana fitowa atisaye bayan Asuba, ya sha zafin Maris da Afrilu, ranar tafiya gasa sai a ajiye shi a saka wani ƙato da bai taɓa zama a aji ba, da katin da aka buga masa jiya. An karya zuciyar wannan yaro, an koya wa sauran cewa ƙarya na biya. Sannan an kori 'yan kallo da hannu, domin ɗalibi ɗan ajinsu yake zuwa yi wa ihu, ba baƙon da bai san sunansa ba. Haka rage shekaru. Mai shekara 24 da ya koma 17 a takarda, gurbin ƙanensa ya cinye.

Yanzu ku, sa'o'ina da ƙannena na Tudun Wada, Jekadafari, Bolari, Herwagana da Tunfure, masu biyan kuɗi a gidan kallo duk ƙarshen mako. Ban hana ku ba, ni ma ina kallo. Amma mutum ya haddace sunan 'yan benci na wani kulob a Ingila, wasu har da ƙona kuɗinsu a caca a kansa, alhali bai san ɗan maƙwabcinsa ne kyaftin ɗin makarantar da ke bayan gidansu ba, wannan abin a duba ne. Jami'ar Jihar Gombe a tsakiyar gari take. Kwalejin Ilimi ta Tarayya na nan kan hanyar Ashaka. Jami'ar Tarayya ta Kashere ma ba nisa. Wasan kashi huɗu ne, kowane minti goma, yana shiga tsaf tsakanin La'asar da Magariba. Ku zo sau ɗaya ku tsaya dab da layi, ku ji ƙarar takalmi da numfashin yaran, gani ya kori ji.

Idan kun zo kuma, a zo da ladabi. Goyon baya daban, rashin kunya daban. Alƙali mutum ne, zai yi kuskure, ba a jifansa, ba a zagin iyayensa. Baƙin da suka taso daga Bauchi ko Yola ko Jos su koma gida suna labarin karamcin Gombawa. Wasa ɗaya da aka tashi da dutse ya isa ya sa hukumar makaranta ta rufe fili shekara guda, kuma ba wanda zai ga laifinta. Taimako kuma ba sai mai kuɗi ba. Mai walda ya gyara zoben da ya karkace. Mai fenti ya ja layin da ya goge. Mai shago ya kawo jaka biyu ta ruwa. Tela ya ɗinka lamba a bayan riguna. Tsofaffin ɗalibai mu haɗa kuɗin buhun siminti a toshe ramukan da ke karya ƙafar yara. Duk wanda guminsa ya shiga fili, ba sai an gayyace shi kallo ba.

Sai 'yan mata. Ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Olamfik na Paris a 2024 ita ce ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Tun 2017 hukumar wasan ta duniya ta amince a yi wasa da lulluɓin kai. Abin da ke korar ƙannenmu mata daga fili a makarantunmu, yawanci idanun samari ne da maganganun banza. A ware musu lokacinsu, a samo musu mace mai horarwa, ku kuma ku ba su wuri. Da ƙanwarka ce, haka za ka so.

Shi kuwa yaron nan na ranar Asabar, mun yi da shi cewa wasa na gaba zai zo da abokan ɗakinsa da ƙannensa biyu. Mahaifinsa kuma ya bar mini. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan je in gaishe shi, in sha Allahu. Na ce wa yaron ya tanadar mini sakamakonsa na zangon da ya wuce, domin shi zan fara miƙa wa dattijon kafin in ambaci ƙwallo.