Ba don mabiyansa aka kashe Guru Tegh Bahadur ba

Duk ranar 24 ga Nuwamba, mabiya addinin Sikh a Indiya da sauran ƙasashe sukan yi juyayin kisan jagoransu na tara, Guru Tegh Bahadur. Da yawa masu jin labarin sukan ɗauka mutanensa yake karewa. Ba haka ba ne.

A ruwayar 'yan Sikh, limaman Hindu ne daga Kashmir suka same shi a garin Anandpur da kukan ana tilasta musu barin addininsu a zamanin Aurangzeb, sarkin daular Mughal mai mulkin Indiya a lokacin. Tegh Bahadur kuwa ba Hindu ba ne. Addininsa ma bai yarda da bautar gumaka ba, kuma Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, tun yana yaro ya ƙi rataya zaren nan da manyan Hindu ke ratayawa. Amma duk da haka Tegh Bahadur ya tsaya wa limaman.

An kama shi, an kashe almajiransa uku a gabansa, sannan aka fille masa kai a Chandni Chowk da ke Delhi a 1675. Wasu masana tarihi na ganin siyasa ma ta shiga ciki, domin fada ta tsargu da yawan jama'ar da yake tarawa. A inda aka kashe shi ne aka gina wurin ibadar 'yan Sikh, Gurdwara Sis Ganj Sahib.