Ƙurar hunturu ba ta cikin lissafin masanan Turai

Tun da Buhari ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa Najeriya za ta shawo kan hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, maganar barin fetur da dizal a koma hasken rana ta zama ruwan dare a bakin hukumomi. A watan Agustan 2022 aka ƙaddamar da tsarin sauya makamashi, aka ce yana buƙatar ƙarin kusan dala biliyan 10 duk shekara. Abin da ke damuna shi ne ilimin da ake ɗora wannan tsari a kansa, domin yawancinsa amsa ce ga tambayoyin wasu.

Masanan Jamus suna nazarin yadda za su rufe tashoshin kwal nan da 2038 ba tare da masana'antu sun tsaya ba. Mu kuwa abin da za mu rabu da shi yana ƙofar shagon tela da mai walda da mai markaɗe, wato janareta, sai kuma itace da gawayin da uwargida ke girki da su.

A ɗauki farantin sola kawai. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25. A Sakkwato cikin watan Afrilu zafi kan haura 40, farantin da ke kan kwano kuma ya fi haka zafi nesa ba kusa ba, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage wutar da yake bayarwa. Hunturu na shigowa, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe gilashin, har ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Wanke shi sai da ruwa, a unguwar da ake sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa. Bayan kwana nawa ya kamata a wanke? Wane irin batir ne ke jure zafinmu? Idan ya mutu ina dalmar cikinsa take zuwa? Wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe a 2010 ba zai raina wannan tambaya ba.

Muna da masu iya amsawa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta shafe shekaru sama da arba'in tana aiki kan na'urorin busar da amfanin gona da murhu mai tsimin itace. A 2019 aka ƙaddamar da tashar wuta mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa sola da batir da janareta. A ganina wannan tasha ɗakin gwaji ce da kuɗi ya riga ya gina, kuma ya kamata alkaluman abin da take samarwa a damina da hunturu da bazara su zama a buɗe ga duk ɗalibin injiniya.

A watan Oktoban 2024 Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma gwamnoni na ta rattaba hannu kan kwangilolin sola. Kafin a sayo faranti ko ɗaya, a ware wa jami'ar da ke jihar kaso daga kuɗin kwangilar, ta gwada kayan na tsawon hunturu guda da bazara guda, ta wallafa sakamakon da Hausa yadda mai haɗa sola a Sabon Gari zai karanta ya gane.